Awa Ɗaya Tsakanin Kaza da Rabat

Lahadin ƙarshe kafin azumi, da hantsi

Yau aka mai da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi mana duk shekara in azumi ya ƙarato, shi ya sa Baba ya tashi da fara'arsa. Tun shekarar da gwamnati ta tura agogon ƙasar nan gaba ya ƙi taɓa nasa. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, agogon hannunsa ya girme ni, kuma yana nan daram a kan abin da yake kira tsohuwar awa. Shekara guda mutanen garinmu, Kaza, na gabansa da awa ɗaya, sai watan azumi su dawo su same shi inda suka bar shi.

"Kin gani ko, Gizlan?" ya ce da muryar nan tasa da ta dushe, yana nuna mini agogon. "Sun yi yawonsu sun gaji, sun dawo. Ni ko motsi ban yi ba."

"Baba, bayan salla ai za su sake tafiya."

"Su tafi mana. Allah ya kiyaye hanya."

Goggo Zuhur, ƙanwarsa da ta dawo gidanmu da zama tun da ya fara zuwa asibiti, ta ce ita dai a gaya mata lokacin da za ta ɗora harira, miyar buɗa bakinmu, sauran rigimar su ƙarata can. Na lura an yi wa maɗaurin agogon sabuwar huda, hannun ya rame. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Litinin, bayan azahar

Goggo ta sake tambayata wai ni takamaimai aikin me nake yi, tunda ba na sayar da komai kuma ba na gyara komai. Na ce mata gadi, kuma gaskiya na faɗa. Kamfaninmu yana ajiye wa mutane bayanansu a cibiyoyi biyu, ɗaya nan Kaza, ɗaya a Rabat, da wayar gilashi mai ɗaukar saƙo a binne tsakaninsu. Kowane rumbun ajiya da ke nan yana da abokin tagwaicinsa a can. In asibiti ko makaranta suka rubuta abu, rumbun Kaza ba zai ce "an ajiye" ba sai ya aika Rabat, Rabat ta amsa "ya iso". Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Har yau abin na ba ni sha'awa. Wani lokaci ina cikin tasi sai in kama kaina ina tunanin wannan aike da amsa da ke wucewa ƙarƙashin kwalta, direba na ta zage-zagensa bai san komai ba.

Launi uku ne a allon gabana. Kore, tagwayen sun zama daidai. Rawaya, ɗaya ta yi baya tana bin sahu. Ja kuwa sun rabu, kowacce ta kama gabanta. Ni dai ban taɓa ganin ja ba sai a ajin horo.

Si Bushaib, wanda na gaji kujerarsa da ya yi ritaya bara ya koma gonarsa, shi ya raɗa wa rumbunan sunayen tsuntsaye: Kurciya, Balbela, Hasbiya, Shamuwa. Shamuwa ta asibitin da za a yi wa Baba gashin ciwon wuyansa da hasken na'ura ce. A ofis ban gaya wa kowa ba. Mu ba ma ganin abin da ke ciki, makullin yana hannun asibitin, buhu nake gadi ban san hatsin ba. Amma ita nake fara dubawa da safe.

Si Jilali, takwarana na Rabat, ya kira. Dattijo ne, sa'an Si Bushaib, sau biyu na taɓa ganinsa ido da ido.

"'Yar Kaza, ya tsuntsayenki?"

"Lafiya lau, Si Jilali. Naka ne ke gyangyaɗi."

"Mu a Rabat ba gyangyaɗi muke ba, tunani muke. Ku ne kuke gudu ba ku san inda za ku ba."

Duk kore.

Alhamis, kafin buɗa baki

Baba na fushi da likita saboda ya hana shi azumi. Ya ci abinci a ɗaki da ƙofa a rufe, kamar mai laifi. Duk kore.

Asabar, da safe

An ba shi rana. Talatar tsakiyar wata za a ɗauki hoto a yi awo, daga nan a fara. Layin ya yi tsawo, mun daɗe muna jira.

Talata, tsakiyar azumi, bayan la'asar

Na ga ja.

Tara ta ɗan wuce a agogon bango sai allon ya birkice. Masu haƙa titi ne suka sare wayar gilashi nan kusa da mu, suka haɗa har da layin da asibitin ke iso mu ta kansa. Ƙa'ida ita ce in waya ta yanke, Kaza ta ci gaba da karɓa, Rabat ta rufe baki ta jira. Haka duk sauran tsuntsayen suka yi. Amma asibitin ba su iya samun Kaza, ga marasa lafiya kwance a kan gadon na'ura. Suka kira Rabat, Si Jilali ya buɗe musu Shamuwarsa da hannunsa, bai tsaya neman izini ba. Sai aka wayi gari Shamuwa biyu, kowacce na cewa ita ce mai gida.

Madam Turiya, shugabarmu, tana ji ta hau sama. Kafin goma ta sa an kulle ta Rabat, can daga baya aka kulle ta Kaza. Yanzu duka biyun a daskare suke, ba shiga ba fita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kiran Goggo. Wajen tara da rabi, ina tsakiyar hayaniya, ta kira: "An gama, 'yar nan. An ɗauki hoton, an yi awon, likita ya ce komai ya shiga." Na ce alhamdulillah na kashe. Sai da na ajiye wayar na tambayi kaina, ya shiga ina? Na'urar hotonsu ba ta riƙe komai, kai tsaye take turawa rumbu.

Da na dawo gida na tarar an yi wa Baba alamomi da shuɗiyar tawada a wuya, an manna musu filasta mai haske, an ce kada ruwa ya taɓa. Da su za a daidaita shi da awon da aka yi. Yana ta duba kansa a madubi, wai an mai da shi taswira.

Laraba, da azahar

An dakatar da Si Jilali, an ce ya zauna a gida. Na ji haushi ƙwarai, ban kuma ce uffan ba a taron, wannan ya fi ba ni haushi.

Madam ta karanto mana rahoton da na'urorin suka fitar. Rubutu na ƙarshe a Shamuwar Rabat, goma saura minti goma. Rubutu na ƙarshe a ta Kaza, goma da minti goma. Ta ce ke nan asibitin sun dawo Kaza daga baya, ta Kaza ce ta fi sabunta. In waya ta dawo za a zaɓi ɗaya ta zama gaskiya, a shafe ɗayar a kwafa mata daga 'yar'uwarta. Abin da aka shafe ya tafi ke nan.

Asibitin sun kira Goggo, sun ce an ɗage fara gashin sai rumbu ya dawo. In awon ya ɓata, sai a koma layi daga farko, kuma likitan da kansa ya taɓa ce mana ba mu da lokacin ɓatawa. Goggo ba ta iya ɓoye magana, a gaban Baba ta maimaita.

Ya ce, "Sau ɗaya na yi muku alkawari, na cika. Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa mai da jirgi baya don wani ya makara ba. In suka ce a koma farko, ku kai ni garin Azammur in zauna bakin kogi."

"Haba Larbi," in ji Goggo.

"Na gama magana, Zuhur."

Na san shi. Ya gama ɗin.

Juma'a, da yamma

Ja. Filastar ta fara ɗagowa daga gefe. Goggo ta ce ko ta bi alamar da kwalli, na ce kul.

Litinin, da hantsi

Wa ya yi rubutu a Kaza ƙarfe goma da minti goma?

Tambayar nan ta hana ni sakat. Layin asibitin a yanke yake tun tara da 'yan mintuna, har yanzu ma ba a haɗa shi ba. To ta ina rubutun ya shigo? Na duba ƙofofin na'urar ɗaya bayan ɗaya, ban ga alamar kowa ba. Na samu Madam a ofishinta.

Ta ce, "Suna da layin ko-ta-kwana, Gizlan. Wataƙila ya tashi na ɗan lokaci."

"Madam, wataƙila fa kika ce."

"Na'ura ce ta faɗa, ba ni ba. Ke kin fi ta gani ne?"

Na ce to a kwafi duka biyun a ajiye gefe kafin a shafe ɗaya. Ta ce a ina? Sababbin faifan da muka yi oda suna tashar jiragen ruwa tun kafin azumi, Shamuwa kuma ba ƙaramin rumbu ba ce. Na ce to asibitin su buɗe kowacce su duba. Ta ce mutum ɗaya ne a wurinsu ke riƙe da makullin, ya tafi umra, sai bayan salla, kuma suna so ya dawo ya tarar da rumbu ɗaya lafiyayye, ba biyu masu gardama ba. Ba muguwa ba ce Madam. Masu asibitin na kiranta safe da yamma, idonta duk ya faɗa.

Na tambayi ma'aikaciyar asibitin da ke ɗaukar waya ko sun san wane gari suke turawa ranar. Ta yi dariya ta ce, "'Yar'uwa, mu allo ya buɗe mun yi aiki, ya rufe mun tsaya. Ashe gari biyu ne?"

Laraba, bayan azahar

An haɗa waya. Na zauna ina kallo kamar mai kallon wasa. Kurciya ta koma rawaya, ta bi sahu, ta zama kore. Balbela ta biyo ta. Hasbiya ta ɗan ja jiki, ita ma ta iso. Abin gwanin kyau, ba sa sake kwafar komai duka, abin da ya canza kawai suke aika wa juna, kamar 'yan'uwa da suka kwana biyu ba su haɗu ba.

Shamuwa ta ƙi. Ta fito da tambaya a tsakiyar allo, da maɓalli biyu a ƙasa: daga Kaza zuwa Rabat, ko daga Rabat zuwa Kaza. Na daɗe ina kallonsu. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya.

Masu ƙera na'urar sun amsa daga ƙasarsu cewa a bi wadda ta fi sabon rubutu. Madam ta sa Litinin da safe, daga Kaza zuwa Rabat.

Alhamis, da asuba

Ja.

Juma'a, bayan buɗa baki

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Muna zaune, Goggo ta zuba harira, ga dabino da shabakiya, soyayyen fulawa mai zuma, Baba yana juya cokali a kwano ba ya kai shi baki. Goggo ta ce mai wanki ya ce zai kawo jallabiyar salla gobe ƙarfe huɗu. Baba, don neman magana irin tasa, ya ce, "Huɗu ta tsohuwar awa ko ta sabuwa?"

"Kai Larbi, ka ishe ni. A azumi ai duk ɗaya ne."

"Ga wanda ya juya nasa ba. Wannan mai wankin ko sunan ranar bai sani ba."

Suka ci gaba da gardamarsu. Ni kuwa cokali ya tsaya mini a hanya. Waya ta yanke tara da minti goma. Rubutun da na rasa mai shi, goma da minti goma. Mako guda da kwanaki ina kallon lambobin nan ina neman ɓarawo, ban taɓa tambayar agogon wa ya faɗe su ba.

Goggo ta ce, "Ke kuma lafiya? Gishiri ne ya yi yawa?"

Na ce a'a. Na so in tashi in tafi ofis a lokacin, amma Baba ya fara tari, aka daɗe.

Asabar, da hantsi

Na shiga ɗakin sanyi inda na'urorin suke, na tsaya gaban na'urar Kaza, na kira agogon cikinta. Wannan tsohuwar na'ura ce, ba ta bin agogon kowa, abin da aka saita mata shi take riƙewa. Agogon wayata ya ce tara. Nata ya ce goma.

Ke nan ba wanda ya yi rubutu bayan yankewar waya. Goma da minti goma ɗin nan ita ce tara da minti goma, daidai lokacin da aka sare mu. Murna ta kama ni har na dafa ƙarfen, sai kuma na tuna da ta Rabat. In agogon ta Rabat ma a gaba yake, to goma saura goman ta tara saura goma ce, tun kafin yankewar, ke nan ba abin da ya shiga can ma, awon Baba bai sauka ko'ina ba. Daga kujerata ba ni da ikon leƙa cikin na'urar Rabat, mai ikon kuma an kore shi gida. Na kira Si Jilali sau da yawa, wayarsa a kashe.

Tawadar wuyan Baba ta koma kalar toka.

Lahadi, a jirgin dawowa, bayan la'asar

Na hau jirgin safe na sauka Sala, garin da ke tsallaken kogi da Rabat, na yi tambaya har gidan Si Jilali. Matarsa ta nuna mini matakala. Yana saman soro da butar ban ruwa, yana shayar da na'ana'a a tukwane, can nesa ga shamuwoyi na gaske a kan wata tsohuwar hasumiya.

"To fa! 'Yar Kaza da kanta. Kin zaɓi rana tsaka a azumi don kada in ba ki shayi, ki je ki ce mutanen Rabat marowata ne."

"Si Jilali, agogon na'urarka a tsohuwar awa yake ko sabuwa?"

Ya kalle ni sheƙeƙe. "Ko gaisuwa babu? Wace irin tambaya ce wannan, muna cikin azumi? Na juya shi mana."

"Da hannu?"

"A'a, da ƙafa. Da hannu mana, 'yata. Masu binciken shekara suna son su ga lokacin rahoto ya yi daidai da na bango. Duk shekara, Lahadin da aka juya na ƙasa, in kira Bushaib da safe, mu yi wa juna barka da shigowar wata, ya zauna gaban tasa, in zauna gaban tawa, in ce bismillah, mu juya tare. Bayan salla mu sake. Tun ba a haife ki ba... to, tun kina makaranta dai."

"Bana fa?"

"Bana ma na kira shi. Muka gaisa, ya ba ni labarin saniyarsa da ta haihu, na juya tawa muna hira..." Sai ya tsaya cak. Ruwa na ta zuba daga butar har ya cika tukunyar ya malalo kan silifas ɗinsa. "Bushaib yana gona."

"Yana gona, Si Jilali."

"Inna lillahi. Ke kuma ba wanda ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Ba a rubuta shi ko'ina ba."

"Yo me za a rubuta, gaisuwa ce fa! Ni na ɗauka ku yaran yanzu komai naku da kansa yake yi."

Ya kunna wayarsa nan take ya kira Si Bushaib, ya buɗe murya. Suka hau juna. "Kai tsohon banza, ka tafi da agogon kamfani a aljihu!" "Ni? Kai da ka kira ni kana ta tambayar ɗan maraƙi?" Na yi dariya har na zauna a kan bulo, daga nan kuma dariyar ta juye ta zama kuka. Si Jilali ya kashe wayar ya zo ya tsaya a kaina.

Na gaya masa abin da ban gaya wa kowa a ofis ba. Har sunan ciwon na faɗa da bakina, karo na farko. Ya ce, "Ashe ranar nan mahaifinki na cikin waɗanda ke kwance." Na ce e. Ya ce da ya sani ma abin da ya yi shi zai yi, da bai sani ba ma haka. Ya cika mini leda da na'ana'a wai in kai wa Baba, ya rako ni har bakin titi.

Litinin, da azahar

Na riga Madam zuwa, na tsaya a ƙofar ofishinta. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ba ta yarda da bakina ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta shiga ɗakin sanyi da kanta ta ga agogon. Ta kira mai gadin cibiyar Rabat ta sa ya kai wa injiniyan da ke riƙon ƙwarya waya, ya nuna mata agogon tasu a hoto. Sannan ta sa kowane ɓangare ya nemo layin da na'urarsa ta rubuta cewa ta daina jin 'yar'uwarta. Ta Rabat ta ce tara da minti goma. Ta Kaza ta ce goma da minti goma. Abu ɗaya ne ya faru, sau ɗaya.

Madam ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Da yanzu na shafe aikin safiya guda na marasa lafiya." Sai ta kalle ni. "Ya jikin mahaifin naki?"

Na ce wa ya gaya mata, ni da ban gaya wa kowa ba.

"Gizlan, ina da ido. Duk wanda ya shigo ofishin nan Kurciya yake fara dubawa, ita ce a sama. Ke kullum sai kin gangara ƙasa." Ta ja kujerata ta zauna. "Shi ya sa ba ke za ki danna ba. In daidai ne, ke kika gano. In kuskure ne, hannuna ne."

Ta ce bismillah ta danna. Daga Rabat zuwa Kaza.

Rawaya. Ban taɓa ganin launi mai kyau irinsa ba.

Talata, jajibirin salla

Rawaya, tana bin sahu. An kira Si Jilali ya koma aiki. Har yanzu ban san ko awon yana ciki ba, buhu dai na ceto.

Laraba, ranar salla, da yamma

Baba ya sa jallabiyarsa, ta yi masa yawa. Ya ja hular jikinta ya rufe wuya saboda baƙi. Na leƙa allon ta waya a ɗakin girki, Goggo ta kama ni ta ce ko yau ma? Rawaya.

Alhamis, da hantsi

Kore.

Juma'a, bayan la'asar

Mai makullin asibitin ya dawo daga umra, ya buɗe. Likita da kansa ya kira Goggo. Hoton yana nan, awon yana nan, alamomin wuyan kuma in ba su goge gaba ɗaya ba za su iya bin sahunsu. Na ɗaga haɓar Baba a bakin taga, muka duba ni da Goggo. Da ƙyar ake ganinsu, amma ana gani. Litinin ƙarfe tara za a fara.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada su ji ni.

Baba dai bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ya ce an ja shi da yawa, ya gaji. Ya juya fuska bango.

Lahadi, da hantsi

Yau ƙasa ta sake tura agogo gaba. Madam ta yanke cewa na'urorin biyu su zauna a awa ɗaya har abada, kada kowa ya ƙara taɓa su, masu bincike su yi lissafinsu da kansu. An zaɓi tsohuwar awa, jiya na mai da ta Kaza baya. Si Jilali ya kira da safe yana ƙorafi.

"To yanzu in na kira me zan ce?"

"Ka ce barka da salla, Si Jilali."

"Shi ke nan? Ku 'yan Kaza kun kashe mana al'ada."

Na shiga ɗakin Baba da shayin na'ana'ar Sala, na ba shi labari, na ce daga yau na'urorin Kaza da Rabat duk sun dawo awarsa, kuma ba za su ƙara tafiya ba. Ya yi murmushi sosai, irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya ce ashe a kamfaninmu akwai masu hankali.

Ya ɗan kurɓi shayin, ya daɗe yana haɗiya. Sannan ya ce, "Su asibitin fa, wace awa suke bi?"

"Sabuwa, Baba."

Ya kalli agogon hannunsa. Ya yi ta fama da maɗaurin, yatsunsa sun ƙi, ban taimake shi ba don na san ba zai so ba. Da ya kwance sai ya ɗora mini shi a tafin hannu, da ɗuminsa.

"Juya shi," ya ce. "Tara suka ce. Kada in makara."